Fitilu Uku a Kan Ƙofar Ɗakin Inji

Tun daga farko ina neman uzuri. Abin da zan ba da labari ya kai shekara arba'in ko ya ɗan wuce, ban kuma rubuta komai a lokacin ba. Yana yiwuwa na ɗauki aikin wata shekara na kai shi wata, ko na sa magana a bakin wanda bai faɗe ta ba. Inda na tabbata zan faɗa kai tsaye, inda nake shakka zan ce ina shakka, za ku kuwa ga shakkar ta fi yawa.

Dalilin rubutun nan wasu samari ne da na ziyarta kwanakin baya a nan Damagaram, a wani ɗaki da suke koyon rubuta manhaja. Sun nuna mini wata 'yar fitila da suka liƙa a bango. In manhajar da suke rubutawa ta haɗu lafiya sai ta yi kore, in wani ya ɓata ta sai ta yi ja. Na ce musu mu ma mun yi irinta a Tanut. Suka yi dariya ta ladabi, ɗaya ya ce, "Baba, ai wannan aikin yamma ɗaya ne." Ban yi masa musu ba, don haɗa wayoyin bai wuce haka ba. Abin da ya ci mana shekaru shi ne sanin abin da fitila ke gaya wa mai kallonta. Wannan kuwa na kasa bayyana musu a tsaye, shi ya sa na zauna rubutu.

Aikina na farko a Yamai na yi shi, ƙarshen shekarun saba'in. Ni ɗan manomin gero ne daga ƙasar Falanko. Na yi lakwal, wato makarantar boko, a Tanut da Damagaram, aka tura ni karatun lissafi, daga nan aka koya mini rubuta wa inji umarni, abin da muke kira furogaram. A lokacin kowane layi kati guda ne mai huji. Ka jera katunan a kwali, ka miƙa ta taga, ka dawo washegari. Ya kamata in bayyana abu ɗaya a nan, don kome ya dogara a kansa. Inji ba ya jin abin da ka rubuta kai tsaye. Sai ya fara juya shi zuwa nasa harshen, ya harhaɗa guntayen su zama abu guda. Wannan muke kira haɗawa. Kuskure ko ɗaya ne ya isa ya rushe ta. Sau da yawa ka dawo tagar nan da safe a miƙo maka takarda ta ce injin bai ma fara aikinka ba. A can na koyi jira, na kuma koyi kada in yi wa kowa alkawarin lokaci.

A farkon shekarun tamanin aka mai da ni Tanut, wani furoje, wato shirin raya karkara, da ke kula da tashoshin famfo na yankin makiyaya, tun daga arewacin Tanut har kwarin Tarka da bayan Balbeji. Kowace tasha tana da rijiya mai zurfin gaske, da inji mai shan gazuwal, wato man dizal, da kwamin shayar da dabbobi. In gazuwal ya ƙare, ruwa ya ƙare, don ba igiyar da za ta kai wannan zurfin. Aikin biron namu, wato ofishinmu, shi ne raba gazuwal ɗin tsakanin tashoshi, gwargwadon zurfin rijiya da girman inji da yawan dabbobin da ke sha. Aka kawo mana ƙaramin ordinata, wato kwamfuta, mai baki biyu na sa disket, faifan da ake ajiye furogaram. Aka ware masa ɗaki, aka toshe tagogi, aka sa na'urar sanyaya iska da ke aiki da gurup, wato janareta. Mu biyu ke shiga, ni da abokin aikina Salifu.

Matsalar ba injin ba ce, ƙofar ce. Shofer, wato direba, ba ya loda gangunan gazuwal sai an buga masa takardar rabo, takardar kuwa ba ta fitowa sai furogaram ya haɗu. Duk sa'ad da aka sauya ƙa'idar rabo daga Yamai sai mu gyara furogaram, mu sake haɗawa, haɗawar kuma tana ɗaukar lokaci mai tsawo, ana cire disket ana sa wani. To sai a yi ta buɗe ƙofa. "Mushe, ya gama?" Mushe kuwa kalmar Faransanci ce, kamar a ce Malam. Kowace buɗewa zafi ya shigo, yashi ya biyo shi. Akwai ranar da ƙwayar yashi ta kankare mana disket, aikin kwanaki ya tafi. Babban mai buɗe ƙofar shi ne Idi, shugaban shoferori, mutumin Gangara, mai baki kamar an wasa shi. Shi ya raɗa mini Mushe Wataƙila, don duk tambayar da ya yi mini amsata ke nan: wataƙila bayan azahar, wataƙila gobe.

"Kai da za a tambaye ka sunan tsohonka ma," in ji Idi, "wataƙila za ka ce."

Malam Barnaba ne ya kawo shawarar fitila. Shi ne makanikin rediyon furoje, Bahaushe Kirista daga wajen Maradi, ya girme ni nesa. Ya koyi gyaran rediyo a hannun mutanen mishan tun yana saurayi. Ni na san abin da ke cikin inji amma ban taɓa riƙe ƙarfen narka dalma ba. Shi kuwa hannunsa ya san waya amma bai taɓa rubuta layi ɗaya na furogaram ba. Muka yi musayar karatu. Ya sa ni haɗa wayoyi a kan tsohuwar rediyo har na daina ƙona yatsuna, yana dumama ƙarfen a gawayi in gurup ya tsaya. Ni kuma na nuna masa yadda zan sa injin ya aika ɗan lantarki ta kafar da ake soka wayar injin buga takarda. Lantarkin kaɗan ne, ba zai kunna ko ƙwan tocila ba. Sai ya ciro wani ɗan ƙarfe mai ƙafa uku daga rediyo ya ƙara masa ƙarfi, ya kai shi ga rele na mota, wato ɗan makunnin da lantarki ke motsawa, rele kuma ya jawo wuta daga batir.

Gidajen fitilun gwangwanayen madara ne guda uku, muka kafa su a jere a kan ƙofa ta waje, ƙarƙashin rumfar baranda. Ƙwayayen na mota ne. Murfin ja daga fitilar bayan wata matacciyar babbar mota muka ciro shi, rawaya daga fitilar kwana, har da ɗan abin da ke sa ta ƙiftawa, ana jin ƙas-ƙas ɗinsa daga nesa. Kore ne ya gagara, don mota ba ta da shi. Daga ƙarshe gindin kwalbar lemo muka yanke: a ɗaura zare mai kananzir, a kunna, a tsoma a ruwa. Kwalabe da yawa suka fashe ta inda ba mu so kafin ɗaya ta yanku daidai.

Ma'anar ba ta da wuya. Rawaya tana ƙiftawa, inji yana haɗawa, kada a buɗe ƙofa. Ja, haɗawa ta rushe. Kore, ta haɗu. Amma Malam Barnaba ya kafa sharuɗɗa waɗanda ina ganin samarin nan ba su yi tunaninsu ba. Ya ƙi sa makunnin hannu ko ɗaya. Ya ce ranar da hannu ya iya kunna kore, to ranar wani babba zai ce a kunna masa. Ya kuma haɗa rele ɗin yadda in gurup ya mutu ko waya ta tsinke, ja ce ke kamawa da kanta daga batir, don kada duhu ya sa wani ya zaci lafiya. Ni kuma na ƙara nawa: haɗuwa kaɗai ba ta isa kore ba. Bayan haɗawa injin zai gwada sabon furogaram a kan wani ƙaramin rabo da ni da Salifu muka lissafa da hannu, muka san amsarsa. Sai amsa ta zo daidai kore ke kamawa. Da wani ya fara taɓa furogaram kuma, koren jiya ya mutu.

Al'ada ta biyo baya ba tare da kowa ya kafa ta ba. Wanda gyaransa ya jawo ja, tsakanina da Salifu, ba ya fita cin abinci sai ya mai da ta kore. Shoferori suka mai da gindin itacen bedi, wato dogon yaro, da ke fuskantar baranda wurin shan shayinsu, don daga nan ake ganin fitilun sosai. In ja ta kama sai ka ji ihun Idi ta bango: "Mushe Wataƙila, yau ma kai ne? Mai shinkafa ta ce a gaishe ka, ta kwashe tukunya!" In kore ta kama kuwa, ba a jiran a ce komai. A zubar da sauran shayi, a tashi motoci, a nufi tankin ƙasa da ke bayan biro a fara cika ganguna, takarda ta same su can. Ƙofar ɗakin inji ta huta.

Masu zuwa biron namu ba shoferori kaɗai ba ne. Akwai masu kula da famfo da ke zuwa neman kayan gyara, da arɗoɗin Fulani, da wakilan Buzaye. Yawancinsu ba su taɓa ganin abin da ke bayan ƙofar ba, ba su kuma damu ba. Sun zauna gindin bedin nan, sun ga abin da ke faruwa: kore ta kama, motoci su tashi, bayan 'yan kwanaki inji ya yi ƙara a tasha. Shekara biyu ko fiye haka abin yake tafiya, ban tuna ranar da ya saɓa ba. Babu wanda ya koya musu. Da idonsu suka karanta, karatun kuwa daidai ne muddin tankin ƙasa yana da mai a ciki.

Sai farin tamanin da huɗu ya zo. Ba zan tsaya bayyana shi ba, duk mutumin ƙasarmu ta Damargu da ya kai shekaruna ya san shi. Damina ta ƙi, ciyawa ba ta fito ba, tafkuna ba su cika ba, dabbobi suka taru a tashoshin famfo fiye da yadda aka gina su su ɗauka. Injuna suna aiki ba hutu, gazuwal yana ƙarewa da wuri. Motar gazuwal da ke kawo mana daga Damagaram ta fara jinkiri, don manyan motoci sun koma jigilar hatsi. Ƙa'idar rabo kuma tana sauyawa kusan duk saƙon rediyo. Fitilar ja ta yi aiki a shekarar nan har murfinta ya fara narkewa.

A cikin wannan hali Arɗo Buba ya zo. Dattijo ne dogo, daga wata tasha a arewacin Balbeji. Injin tasharsu ya tsaya kwanaki kafin ya taso. Ana shayar da shanu da ɗan abin da ya rage a babban tankin ruwa na tashar, ana rage musu kullum. Ya gaishe da darekta, aka ce masa a yi haƙuri, ana aiki. Ya shimfiɗa buzunsa gindin bedi ya zauna. Na san abin da ya kawo shi don na ji yana gaya wa Malam Barnaba. Ya ce shanunsa suna da sauran ƙafar tafiya, amma ba ta da yawa. In gazuwal yana tafe, zai zauna a tasha, don tafiya kudu a wannan yanayi kisa ce ga 'yan maruƙa da tsofaffin shanu. In ba ya tafe, dole ya ɗaga yanzu, don in ya ƙara jira, ko ya so tafiya shanun ba za su iya tashi ba. Rugage da dama kuma suna jiran abin da zai koma ya faɗa.

A kwanakin nan tankin ƙasa ya bushe ƙarƙaf. Mu na cikin biro mun sani, shoferori sun sani, shi ya sa ba sa ma zuwa gindin bedi, suna cikin gari. Ni dai ina ɗakin inji ina fama da sabuwar ƙa'ida, don in motar gazuwal ta iso ta tarar da rabo a shirye. Kwana biyu ko uku ja ce ke ci. Ran kasuwar Tanut, bayan azahar, na gano inda na yi kuskure, na gyara, rawaya ta yi ta ƙiftawa, gwajin ya zo daidai. Na ji ƙarar rele ya faɗa. Na jira na kwafe disket, na rufe ɗaki, na fito neman abinci.

Mai gadi ya tare ni da fara'a. "Mushe, Arɗo ya ce a yi maka godiya. Ya ce Allah ya yi maka albarka."

"Ina yake?"

"Ai ya tafi. Da koren nan ta kama ya naɗe buzunsa, ya ce motar 'yan kasuwar Balbeji tana shirin tashi, bari ya je ya gaya wa mutanensa su zauna, ruwa na tafe."

Na ɗaga kai na dubi gindin kwalbar nan yana haske. Abin da fitilar ta faɗa gaskiya ne, furogaram ya haɗu. Na aika a duba tashar mota, aka ce motar ta daɗe da tashi. Malam Barnaba ya gwada kiran tashar famfon da rediyo, amma rediyonsu da injin yake samun wuta, ya mutu tare da shi.

Muka shiga wurin darekta mu uku, ni da Malam Barnaba da Idi da aka kirawo daga gari. Darekta mutum ne mai hankali, ban kuma ga laifinsa a abin da ya faɗa ba. Fetur ɗin ƙaramar mota ya kusa ƙarewa, an ajiye shi don larura. Ya ce, "Saboda mutum ɗaya?"

Malam Barnaba ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mutum ɗaya ba ne. Duk wanda ke tashar nan bakinsa yake jira."

Darekta ya juyo gare ni. "To in kun same shi me za ku ce masa? Motar gazuwal tana iya isowa gobe. Tana iya kaiwa wata. Ni kaina ban sani ba. In kuka ce ya tafi, ta iso gobe fa?"

Na ce wataƙila mu gaya masa yadda abin yake kawai, shi ya zaɓa. Idi ya dube ni bai yi dariya ba, wannan ne karo na farko. Darekta ya sa hannu a takardar fetur.

Da asuba muka kama hanyar Gangara, ni da Idi. Hanyar yashi ce, mun kafe ba sau ɗaya ba, muna tona da hannu muna shimfiɗa farantin ƙarfe ƙarƙashin taya. Gefen hanya gawawwakin dabbobi ne, wasu sun bushe, wasu sababbi. A Balbeji aka ce Arɗo ya kwana, ya hau raƙumin wani ya wuce. Muka bi sawu har tashar. Ban taɓa ganin shanu da yawa haka sun yi shiru ba. Suna tsaye kewaye da kwamin da babu kome ciki sai laka. Arɗo yana zaune cikin dattawa a inuwar ɗakin injin famfo. Da ya ga motar furoje sai ya miƙe, mutane suka miƙe tare da shi, suna leƙa bayan motar. Babu ganga ko ɗaya.

Bayan gaisuwa na fara bayani. Na ce fitilar ba ta san tanki ba, aikin cikin ɗaki kawai take faɗa. Na ce lissafin rabo ya kammala amma abin da za a raba bai iso ba. Na ce ana sa ran motar, mai yiwuwa cikin makon nan, ko da yake ba a tabbatar ba, kuma in aka yi la'akari da yadda hanya take, wataƙila ta ɗan jinkirta, amma kuma ba a cire tsammani ba. Na daɗe ina magana. Ya saurare ni har na ƙare.

"Ɗana," ya ce, "na zauna gindin itacen ku na ga fitilun nan. Guda uku ne. Ban ga ta wataƙila ba."

Na ce, "Baba Arɗo, ba ni da tabbas."

"Ni ma ba ni da shi. Allah kaɗai ke da shi. Amma kai ka ga cikin tankin da idonka, ka ji rediyon Damagaram da kunnenka, ni ban ji ba. Da shanun nan na tsohonka ne, wace za ka kunna masa?"

Na dubi Idi. Ya kau da kai yana duban tayar mota. Na tuna abin da na sani ke nan: tanki a bushe, saƙon rediyo na ƙarshe bai ambaci rana ba, ko motar ta iso Tanut yau, sai an sauke, an cika ganguna, an bi hanyar da muka biyo da babbar mota mai nauyi. Na dubi lakar da ke cikin kwami.

Na ce, "Ja."

Arɗo ya juya ya yi magana da Fulatanci, gajeriya, mutane suka watse zuwa rugagensu. Kafin injin motarmu ya gama hucewa mata sun fara kwance bukkoki suna ɗora wa jakuna. Wasu rugage sun bi shi, wasu sun ce za su jira. A hanyar komawa, da muka wuce Balbeji, Idi ya dube ni. Ya ce, "Yau dai ba ka ce wataƙila ba." Daga ranar bai sake kirana da sunan nan ba, Mushe Laminu yake cewa, abin da har ya mutu ban saba da shi ba.

Motar gazuwal ta iso daga baya. Ina jin ta haura mako biyu, Salifu yana cewa ba ta kai ba. Abin da na tabbata shi ne kafin ta iso Malam Barnaba ya riga ya sauya waya. Ya samo ƙwallon da ke iyo a tankin mai na wata babbar mota, ya zura shi cikin tankin ƙasa, ya bi da wayar koriyar fitila ta cikinsa. Daga nan ko furogaram ya haɗu, in babu gazuwal a ƙasa, kore ba ta kamawa a waje, ja ce ke zama. Mu na cikin ɗaki muka sa wa kanmu wata 'yar fitila a kan tebur, wadda ke faɗin haɗuwa kawai, ba mai ganinta sai mu. Salifu ya yi gardama, ya ce yanzu shoferori za su riƙa yi masa ihu a kan laifin da ba nasa ba. Haka kuwa aka yi, ya sha ihu, ya haƙura.

Wannan nake so samarin nan su riƙe. Fitila tana amsa tambayar da ka haɗa mata da waya ne kawai. Mai kallonta kuwa yana zuwa da tasa tambayar, ba zai gaya maka ita ba, don a ganinsa ita ce tambayar kowa. Kafin ka kafa fitila a inda jama'a ke gani, ka je ka zauna inda suke zama, ka ga abin da ke faruwa duk sa'ad da ta kama, don shi ne ma'anarta a wurinsu, ba abin da ka rubuta a furogaram ba. In ba za ka iya cika wannan ma'anar ba, ka bar fitilarka a kan teburinka.

Arɗo Buba ya dawo Tanut bayan damina biyu, in ban yi kuskure ba. Ya rame, gemunsa ya ƙara fari. Na same shi gindin bedi a kan buzun nan nasa. Na durƙusa muka gaisa. Na tambaye shi shanu. Ya ce ya fita da garken da ba a ganin ƙarshensa, ya dawo da abin da mace ɗaya za ta tatse kafin hantsi. Amma akwai sa a ciki, akwai karsana, irin kakansa bai yanke ba. Bai gode mini ba, bai kuma zarge ni ba. Ranar kore ce ke ci, motoci suna lodi a baya. Ya daɗe yana dubanta, sa'an nan ya ce, "Wannan ta yau, ta san tanki?"

Na ce, "Ta sani."

"Ba wataƙila?"

"Babu."

Ya naɗe buzunsa ya nufi wajen motocin, ya nemi wuri a kan ganguna.

Abin da ban sani ba har yau shi ne yadda rugagen da suka zauna a tashar suka ƙare. Na ji labari iri biyu. Wani mai kula da famfo ya ce mini gazuwal ya tarar da shanunsu a kwance, kaɗan suka tashi. Wani kuma, mutumin Tarka, ya ce waɗanda suka zauna sun fi waɗanda suka tafi tsira da dabbobi. Ba ni da hanyar raba su. Malam Barnaba ya koma Maradi ya rasu can, Idi ma ya rasu, Salifu kuwa bai je tashar ba. In akwai wanda ya sha ruwa a tashar nan ta arewacin Balbeji a shekarar farin, ko ya ji daga bakin iyayensa, ina roƙonsa ya aiko mini da abin da ya sani ta hannun waɗanda suka buga wannan rubutu, ya gyara mini duk inda na kauce. Ko da gyaran zai nuna kore ya kamata in faɗa a ranar, ina so in ji shi.